Ƙwan Zabin da Ziblim Ya Ba 'Yarsa

Duk mai cin kasuwar Kumbungu ya san zabin Mba Ziblim, wato Baba Ziblim. Manya ne, masu farin ƙirji, in ka ɗaga ɗaya sai hannunka ya gaya maka. Shekara ashirin mutane na sayen ƙwansu da damina, su kai gida su saka wa kaza, su jira kwana ashirin da takwas, su tashi da baragurbi. Wani ya ce tsawa ce ta kashe. Wani ya ce kazarsa ce raguwa. Wasu suka ce ai irin zabin nan ba ya yarda da gidan kowa sai na Ziblim. Shi dai in ana wannan magana sai ya shafa gemu kawai.

Abin da ba su sani ba, tukunya ce. Ranar jajiberin kasuwa, in matan gida sun fita tsintar kaɗanya, sai ya ɗora ruwa a bayan akurki. In ya tafasa, ya jera ƙwan a kwando, ya tsoma, ya ja numfashi uku, ya cire. Ƙwai na nan kamar ba a taɓa shi ba. Mai soyawa zai soya ya ci lafiya. Mai neman iri kuwa gawa ya saya. Haka ubansa ya koya masa, kuma bai taɓa kiran abin cuta ba. Ƙwai ya sayar, bai ce wa kowa ya sayar da zabo ba.

Yana da 'ya, Sanatu, shekararta goma sha biyar, tana ƙaramar sakandare ta ƙauyen. Yarinya ce da in ka yi mata magana yatsun ƙafarta take amsa wa. In baƙi sun zo, ta ajiye ruwa ta gudu. Ziblim ya riga ya gama shawara a kanta: ta ƙare makarantar nan, ya tura ta Kumasi wajen ƙanwarsa ta riƙa taya ta sayar da doya. Mai irin wannan baki, a ganinsa, karatu ba zai ƙara mata komai ba.

A shekarar ne wani malami, Ticha Wumbei, ya kafa kulob na yara manoma a makarantar. Ba wanda ya san yadda aka yi Sanatu ta shiga. Wata safiya dai ta zo ta durƙusa a gaban ubanta yana gyaran ƙotar fartanya, ta gaishe shi, ya amsa, ba ta tashi ba.

"Mba, ƙwai."

"Ɗaga murya. Da ni kike ko da tururuwa?"

"Ticha ya ce kowa ya kawo ƙwan zabi goma sha biyu. Za a saka wa kajin makaranta. In sun ƙyanƙyashe mu yi renonsu, mu ga nawa za su rayu."

"In sun rayu fa?"

"A haɗa duka, a raba wa 'yan kulob. Kowa ya kai gida."

Nan Ziblim ya ajiye fartanya. A raba. Wato irin da ya tsare shekara ashirin, yara ne za su watsa shi gida-gida a cikin kwali. Kuma ya san Fusheini na cikin kulob ɗin, ɗan Neindow, taubashinsa, wanda ya fi kowa naci a kan zabin nan. Da ya ce a'a, da magana ta ƙare. Amma sai gari ya ce Ziblim mai zabi ɗari biyu ya hana 'yarsa ƙwai. Ya tashi ya shiga ɗaki. Tukwane biyu ne a ƙarƙashin gado, ta iri da ta kasuwa. Ya tsaya kaɗan, ya sa hannu a ta kasuwa.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙwarya, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta cire ɗankwalinta ta rufe. Yana kallo ta fita tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa cike da baki.

Ya gaya wa kansa abin ma alheri ne. Za su lalace, ta ji haushi, ta bar wannan shirme. Me ya haɗa mace da zabi?

Bayan sallar la'asar Neindow ya tare shi a ƙofar masallaci, baki har kunne.

"Bawana! An ce ka yi sadaka. Ashe kana da hannun kyauta, ɓoye shi kake yi a aljihu?"

"Matsa in wuce, kai da ko kaza ba ta yarda da kai."

"Bana dai sai farin ƙirji ya yi kuka a tsakar gidana. In ya girma in yanka, in aiko maka da ƙafa."

Mutane suka yi dariya. Ziblim ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Abin ya fara cinsa ne a mako na farko. Ya zagaya bayan gida ya tarar da tsofaffin tukwane huɗu a kife kan shuri, an cusa musu busasshen kashin shanu da karan masara, an yayyafa ruwa. Tarkon gara ne, irin wanda yake yi wa 'yan tsakinsa. Bai taɓa koya mata ba. Ashe duk shekarun nan da take kallon ƙasa, tana ganin abin da hannunsa ke yi. Tana koyon tara abinci tun yanzu, saboda bakunan da ya san ba za su taɓa buɗewa ba. Ya tsaya a kan tukwanen ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai kuma murya. Dokar kulob ce, duk Juma'a kowane yaro ya miƙe gaban sauran ya faɗi abin da ya gani a makon, ba ƙari ba ragi, a rubuta a littafi. Sanatu ta mai da zabin ubanta 'yan kallo. Da yamma in sun dawo kiwo, sai ta tsaya bayan akurki ta harɗe hannu a baya.

"Sunana Sanatu Ziblim. Kazata ta kwanta kwana shida. Sau ɗaya take tashi a rana. Na ga tana juya ƙwan da baki."

Zabi su yi ta ihu, ita kuma ta ƙara ɗaga murya don ta fi su. Uwarta Azara ta leƙa ta katanga ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Baban Sanatu, ka ji 'yarka kuwa? Ashe akwai magana a cikin nan."

"Na ji. Tana hana dabbobi kwanciya."

Ya ɗauki buta ya fita, ba don yana bukatar buta ba.

Rana ta goma sha biyu ta dawo daga makaranta ba ta cire kayan makaranta ba. Yana zaune a zaure. Ta durƙusa, ta gaishe shi, ta kwance bakin ɗankwali ta ajiye ɓawon ƙwai guda biyu a gabansa. A cikin kowanne akwai wata farar fata siririya manne da ɓawon, ta daskare.

"Mba, yau mun haska ƙwai da tocila a cikin kwali. Mai rai ana ganin jijiyoyi ja. Nawa babu ko ɗaya."

"Kazar ce ba ta kwanta da kyau ba."

"Ashirin ta kwanta a kai. Takwas daga cikin na Fusheini ne. Duk takwas ɗin suna motsi."

"To tsawa ce."

"Tsawa ba ta zaɓe, Mba." Ta taɓa farar fatar da yatsa. "Na fasa biyar, duk haka suke. Na ɗauki ƙwan kaza na tsoma a ruwan zafi na cire, na fasa. Haka ya yi."

Sai ta ɗago ta dube shi. Tun da aka haife ta bai tuna ranar da ya ga tsakiyar idonta ba. Ba fushi a ciki, ba kuka. Da ma fushi ne, da ya san abin da zai yi da shi.

"Wa kika gaya wa?"

"Ticha ya ga ɓawon. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce ranar taron iyaye ni zan tashi in faɗi abin da ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa, tunda ni na gano."

"Ki ce tsawa."

"A kulob ba a faɗin abin da ba a gani ba."

Ta kwashe ɓawonta ta shiga gida. Ziblim ya zauna har inuwa ta bar zauren. Mutanen da za su zo taron nan, rabinsu sun sayi ƙwansa. Wasu sun saya sau biyar. Akwai Mma Katumi, wadda mijinta ya rasu, ta sayar da man kaɗanyarta bara ta sayi talatin, ta dawo tana ba shi haƙuri wai ta ɓata masa iri. Ya karɓi haƙurin kuwa.

Ya gaya wa Azara yarinyar nan ba za ta je taro ba.

"To. In ticha ya zo tambayar dalili, kai za ka fita ko ni?"

"Ki ce ba ta da lafiya."

"Ni na daina gyara maka ƙarya, Baban Sanatu. Kana tsammani ban san abin da ke cinye mini itace duk jajiberin kasuwa ba?"

Wannan ma bai sani ba. Ashe asirin da yake ta rufewa, a cikin gidansa ma tsirara yake.

Mako uku ya yi yana jira. Tuwo ya daina shiga. Jajiberin kasuwa ya zo har sau uku, bai ɗora tukunya ba, bai kuma je kasuwar ba, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Sanatu ba ta sake tayar da maganar ba. Tana gaishe shi, tana kawo masa ruwan alwala. Garar da ta tara kuma kullum da safe take kaiwa makaranta, tana ba 'yan tsakin Fusheini da na sauran yara.

Ranar taro ya so ya ƙi zuwa, ya ga rashin zuwan ya fi zuwan tona asiri. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya zauna a bencin ƙarshe ƙarƙashin mangwaro. Neindow ya baro gaba ya zo ya matse shi.

"Matsa mini, bawana. Yau kusa da masu arziki zan zauna."

Wakilin sarki ya zo, da wata likitar dabbobi daga gunduma, Madam Tiyumba, da babur ɗinta da takalman roba. Yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan goma ya samu, bakwai sun rayu. Waccan ta ce sanyi ya kashe mata uku kafin su koyi sa tukunyar garwashi a kwali. Fusheini ya manta abin da zai ce, ya tsaya yana sosa ƙeya, ubansa ya yi masa ihu daga baya, "Faɗi sunanka dai, shi ma ka manta?" Aka yi dariya.

Sai Ticha Wumbei ya kira Sanatu.

Ta fito da kwali da tocila da ƙwarya. Da ta buɗe baki har bencin ƙarshe aka ji.

"Sunana Sanatu Ziblim. Ƙwai goma sha biyu na kawo. Ban samu ko ɗaya ba. Zan faɗi dalili."

Ta nuna yadda ake haska ƙwai. Ta ce ƙwai na mutuwa in ya daɗe a ajiye, ko in zakarun zabi sun yi kaɗan a garke, ko in kaza ta bar shi ya huce. Sannan ta ɗaga ɓawo sama.

"Nawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. An tsoma su a ruwan zafi kafin su zo hannuna. Ga alamar. Mai soya ƙwai ba ya duba cikin ɓawo, shi ya sa ba a lura. In za ku sayi ƙwan iri, ku zaɓi ɗaya da hannunku, ku ce a fasa a gabanku. In kun ga wannan farar fatar, ku ajiye ku tafi."

Ta ba da ɓawon aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Wuri ya ɗauki ƙus-ƙus. Ɓawon ya zo hannun Mma Katumi, ta daɗe tana juya shi. Ya zo hannun Neindow. Ya kai shi kusa da ido, ya kankare da farce, dariyar fuskarsa ta tafi. Ya miƙe.

"'Yata, ina da tambaya. Kaji uku na yanka a gidana, na ce su ne ragwaye. Allah Ya ji ƙansu, ashe zaluntarsu na yi." Aka fara dariya, bai taya ba. "Wa ya sayar miki da waɗannan?"

Ziblim ya kafa ido a kan takalminsa. Ticha ya motsa zai sa baki, yarinyar ta riga shi.

"Mba Neindow, ba saya na yi ba. An ce in faɗi abin da ya kashe ƙwai, na faɗa. Wanda ya ba ni kuwa, tsakanina da shi ne."

Ita a nata tunanin ta rufe. Amma wa zai ba 'yar Ziblim ƙwan zabi kyauta? Ba wanda ya waiwayo. Da sun waiwayo da ya fi sauƙi. Mutum sittin suka zauna kowa ya sami abin kallo, wani sama, wani tafin hannunsa. Neindow ya zauna a hankali, ya ajiye ɓawon a kan benci tsakaninsa da taubashinsa. Tun suna yara ba a taɓa yin zaman da Neindow bai tsokane shi ba sai yau.

Wakilin sarki ya yi gyaran murya. Madam Tiyumba ta karɓi magana, ta tambayi Sanatu wa ya koya mata gwadawa da ƙwan kaza.

"Ba kowa. So nake in tabbatar kafin in faɗa."

"In kin gama makaranta me za ki yi?"

"Irin aikinki, Madam. Amma na zabi da kaji. Shanu suna da masu duba su. Mu nan 'yan tsaki goma ake ƙyanƙyashewa, bakwai su mutu, a ce haka Allah Ya so, ba wanda ya buɗe ko ɗaya ya ga me ya kashe shi."

Aka tafa. Madam ta ce akwai makarantar wannan aiki a Pong-Tamale, amma sai ta fara zaɓar fannin noma a babbar sakandare, kuma sai uba ya sa hannu a takarda. Ta tambaya ko uban yarinyar na nan. Dole Ziblim ya miƙe. Aka sake tafawa, tafi mai sanyi, na fita kunya. Bai taɓa jin rigarsa ta yi masa nauyi kamar ranar ba.

Kasuwar da ta biyo ya je. Zama a gida ba zai wanke shi ba. Ya kwashe tukunyar iri gaba ɗaya ya ɗaura a keke. Ya zauna a inda ya saba, har rana ta take ba wanda ya tsaya, sai gaisuwa daga nesa. Can sai ga Neindow, ya tsuguna, ya daɗe yana zaɓe, ya miƙa masa ɗaya.

"Fasa."

Ziblim ya fasa a bakin kwano. Gwaiduwa ta zauna ɗas, ɓawo fes.

"Ashe ka iya sayar da mai rai."

"Ɗauki abin da za ka ɗauka ka ba ni wuri."

"Zan ɗauka. Kuma kajina uku suna wuyanka har lahira, bawana."

Ziblim ya ji daɗin zagin nan fiye da yadda zai iya faɗa. A hanyar dawowa ya tsaya ƙofar Mma Katumi, ya ajiye ƙwai talatin a ƙwarya, ya yi sallama. Ta fito ta duba ƙwaryar, ta dube shi. Ba ta yi godiya ba, shi ma bai tsaya jira ba.

Takardar makaranta ta kwana biyu a kan tabarmarsa. Bai iya karatu ba, amma ya san abin da ke ciki, ya kuma san in ya dangwala, maganar Kumasi ta mutu. Rana ta uku da safe ya kira Sanatu, ta nuna masa wurin, ya dangwala babban yatsa. Sannan ya zaro dogon ludayi daga rufin ɗaki.

"Biyo ni."

Suka bi ta bayan gonar dawa har wata sarƙaƙiya a gindin ɗorawa. Ba macen gidan da ta taɓa sanin inda zabinsa ke ƙwai. Ya buɗe ciyawa da sanda, ga gurbi cike.

"Ba a sa hannu, in zabuwa ta ji warin mutum ta bar wurin. Da ludayi. Kuma ki bar mata uku."

"Na sani, Mba."

"Kin sani. To ɗebi."

Ta ɗebo goma sha biyu ta jera a ƙwarya. Daga gurbi suka fito, a gaban idonta, ba tukunyar da ta gan su. Duk da haka da suka iso zaure ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauko kwano, ta zaɓi ɗaya daga tsakiya, ta miƙa masa.

Ya dubi ƙwan, ya dube ta. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Za a tambaye ni ranar Juma'a ko na gwada," ta ce. "Kowa ake yi wa."

Ziblim ya karɓa. Sai da ya buga sau biyu kafin ya fashe. Ta ɗauki ɓawon, ta juya shi wajen haske, ta duba cikinsa sosai, sannan ta rufe sauran goma sha ɗayan da ɗankwali ta tafi makaranta.